Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Sana'ar Tsara Manhaja a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Duk wanda ya saba tura kuɗi ta waya ya san wani ɗan taƙaitaccen lokaci. Ka shigar da lambobin asusu guda 10, sai manhajar ta ɗan dakata, can sai sunan mai asusun ya fito. Ka karanta, ka ga lallai sunan ƙaninka ne, hankalinka ya kwanta, sannan ka danna. Wannan dakatawar ba daga sama ta faɗo ba. Wasu mutane ne suka zauna suka lura cewa yatsa kan zame, ido kan tsallake lamba, kuma kuɗin da suka faɗa asusun baƙo, dawo da su jan aiki ne. Shi ya sa suka tsara sunan ya bayyana kafin ko kwabo ya fita.

Sana'ar waɗannan mutane ce ƙirƙirarriyar basira ta shigo tana jujjuyawa a 'yan shekarun nan. Don a fahimci abin da ya sauya, sai an fara da sanin yadda aikin yake tun asali, sannan a bi sauyin daki-daki.

Asalin sana'ar

A shekarar 1988 wani masanin tunanin ɗan Adam a Amurka, Don Norman, ya fitar da littafi a kan kayan da muke amfani da su yau da kullum. Misalinsa da ya fi shahara shi ne ƙofa. Akwai ƙofar da za ka je ka ja, ashe turawa ake yi, ka ji kunya kamar kai ne ka yi wauta. Norman ya ce laifin na wanda ya ƙera ƙofar ne, domin ya sa mata mariƙin da ke kiran hannu ya ja. Da ya shiga kamfanin Apple a 1993, sai ya yaɗa sunan da 'yan sana'ar ke taƙaitawa yau da haruffa biyu, UX. Ma'anarsa ita ce duk abin da mutum ke ji kuma yake fuskanta yayin da yake amfani da wani kaya: ko ya gane shi, ko ya wahala, ko ya biya bukatarsa, ko ya fita da takaici.

A yawancin kamfanonin manhaja, mutum uku ne ke riƙe da aikin. Akwai manajan haja, wanda ke yanke shawarar abin da za a gina da dalilin gina shi, yana auna bukatar jama'a da ribar kamfani. Akwai mai tsarawa, wanda ke fitar da yadda abin zai kasance a fuskar waya, inda kowane maɓalli zai zauna, da kalmar da za a rubuta a kansa. Sai injiniya, wanda ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi har abin ya yi aiki. Kamar dai ginin gida ne: wakilin mai gida, mai zanen gida, da magini.

Aikinsu yana da jeri. Da farko a fita a yi hira da mutanen da za su yi amfani da abin, a zauna a ga yadda suke yi yanzu. Daga nan a yi zanen ƙwarangwal, wato akwatuna da layuka babu launi. Sai a ƙawata shi ya zama samfurin gwaji, wanda yake kama da na gaske amma bai da rai. Sai a ba wa mutane su gwada ana kallonsu. Jakob Nielsen, abokin aikin Norman wanda suka kafa kamfanin ba da shawara tare a 1998, ya nuna a wani rubutu na shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 kacal kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da tsari. Bayan an gyara ne ake miƙa wa injiniya.

Me ya sa ake bin wannan jeri sau da ƙafa? Saboda gini yana da tsada. Aikin injiniyoyi na wata uku idan ya tashi a banza, asara ce babba, don haka gara a yi kuskuren a kan takarda. Tun ran gini, tun ran zane. A riƙe wannan batu na tsada, domin a nan ne sauyin ya fara.

Sauyi na farko: zane ya yi arha

Manhajojin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito ranar 30 ga Nuwamba, 2022, an horar da su ne da tarin rubutu da hotuna da umarnin kwamfuta da mutane suka riga suka rubuta. Daga wannan tari suke koyon abin da ya saba biyo bayan wani abu. Idan ka ce musu su zana maka fuskar manhajar sayar da takalma, sai su haɗo maka abin da ya yi kama da dubban irinta da suka gani.

Cikin ƙanƙanin lokaci wannan ya shiga kayan aikin 'yan sana'ar. GitHub Copilot ya fara taya injiniyoyi rubutu tun 2021. A 2023 kamfanin Vercel ya fitar da v0, wanda za ka kwatanta masa shafin da kake so da magana, ya ba ka shi a gine. Figma, dandalin da mafi yawan masu tsara manhaja ke zane a kansa, ya fitar da Figma Make a watan Mayun 2025 don irin wannan aiki. Abin da a da kan ci makonni, yanzu kafin shayi ya huce an sami samfurin da ake dannawa yana amsawa. Hirar awa guda da aka naɗa, na'ura za ta mayar da ita rubutu ta kuma taƙaita ta. Kalmar da za a sa a kan maɓalli, za ta kawo maka ashirin ka zaɓa.

Amma akwai darasi a abin da ya sami Figma a 2024. A taronsu na watan Yuni sun nuna wani sashe mai zana manhaja daga umarni. Ba a yi kwanaki da yawa ba wani mai tsara manhaja ya nuna wa duniya cewa idan aka nemi manhajar hasashen yanayi, abin da yake fitowa kusan tagwaye ne da ta kamfanin Apple. Shugaban Figma, Dylan Field, ya sa aka dakatar da sashen. Kamfanin ya bayyana cewa wasu samfuran da aka tanadar wa na'urar sun yi kama da manhajojin da ake da su, kuma ba a tantance su yadda ya kamata ba. Na'ura ta yi saurinta, abin da aka rasa shi ne idon da zai ce: tsaya, wannan na wani ne.

Ga yadda lissafin ya koma. Da can, hannun da ya iya zane shi ne abin nema. Yau zane ya wadata, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai dubi zane goma ya san wanne ya dace da tsohuwar da idonta ya raunana, wanne zai buɗe a ƙaramar waya mai ƙarancin data, wanne ne kuma kyan ɗan maciji. Nauyin aikin ya tashi daga hannu ya koma kan hukunci.

Sauyi na biyu: ita kanta hajar ta sauya hali

Sauyin farko ya shafi kayan aiki ne. Na biyun ya fi shi zurfi, domin ya shafi abin da ake ginawa.

Shekaru da dama mutum ne ke gaya wa kwamfuta kowane mataki. Da farko ta hanyar rubuta umarni, daga baya ta hanyar danna hotuna, salon da aka ƙirƙira a cibiyar binciken Xerox a shekarun 1970, kwamfutar Macintosh ta yaɗa shi a 1984, iPhone kuma ta mayar da shi shafa da yatsa a 2007. A duk waɗannan, maɓalli ɗaya aiki ɗaya yake yi, yau da gobe da jibi. Mai tsarawa na iya zana kowace fuska da mutum zai gani, ya san babu wata da za ta fito wadda bai sani ba.

A 2023 Nielsen ya rubuta cewa an shiga sabon salo irin wanda ba a ga kamarsa ba cikin shekara 60: yanzu mutum yana faɗin abin da yake so ne, na'ura ta nemo hanyar yi. Wannan sauƙi ne, amma ya zo da matsaloli uku.

Ta farko ita ce akwatin da babu komai a ciki. Jerin maɓallai yana nuna maka abin da za ka iya yi. Akwatin rubutu kuwa shiru yake yi, yana jiranka. Wanda bai saba tsara bukatarsa a rubuce ba sai ya tsaya yana kallo. Shi ya sa za ka ga ana jera misalan tambayoyi a ƙarƙashin akwatin, ko a haɗa shi da maɓallai.

Ta biyu, amsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mutum biyu su yi tambaya iri ɗaya, kowa ya sami tasa. Mai tsarawa ba zai iya zana duk amsoshin ba, sai dai ya shata iyaka, ya faɗi halin da ake so, kamar yadda maigida ke yi wa sabon yaron shago bayani: ga yadda ake tarbar mai saye, ga abin da ba a alkawartawa, ga lokacin da za ka ce a jira ni.

Ta uku ita ce mafi haɗari: na'urar kan yi shaci-faɗi da murya irin ta wanda ya tabbata. Abin da ya faru da kamfanin jiragen sama na Air Canada ya isa misali. A 2022 wani mutum da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira ta shafin kamfanin game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Ta ce masa ya sayi tikiti a cikakken farashi, ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90. Ashe dokar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Da aka je gaban wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia, kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta sa ya biya mutumin kimanin dalar Kanada 812. Kuɗin kaɗan ne, hukuncin ne babba: abin da manhajarka ta faɗa, kai ka faɗa.

Saboda haka wani sabon reshe ya tsiro a sana'ar, wato tsara yadda za a yi idan na'ura ta yi kuskure. Tun 2019 masu bincike a Microsoft suka fitar da ƙa'idoji 18 a kan mu'amalar mutum da ƙirƙirarriyar basira. Daga cikinsu akwai cewa a bayyana wa mutum abin da na'urar ta iya da kuma gwargwadon ƙwarewarta, a sauƙaƙa masa gyara ta, a ba shi hanyar yin watsi da shawararta. A aikace wannan na nufin nuna inda aka samo amsa, da maɓallin janye abin da aka yi, da ƙofar da za ta kai mutum ga ma'aikaci mai rai. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta ƙunshi sharaɗin a sanar da mutum idan da na'ura yake magana.

Kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin ya koyi muhimmancin waccan ƙofa mai kaiwa ga ma'aikaci mai rai. A farkon 2024 ya sanar cewa manhajar hirarsa na yin aikin ma'aikata 700 masu amsa koken jama'a. A 2025 shugabansa ya amince cewa fifita rage kashe kuɗi ya rage ingancin hidimar, ya ce za su tabbatar abokin ciniki na iya samun mutum idan ya nema.

Sauyi na uku: iyakokin muƙamai sun fara gogewa

Tunda gini ya yi arha, jerin nan na da ya fara narkewa. Manajan haja da a da zai rubuta takarda mai shafi goma yana kwatanta abin da yake so, yanzu yakan zo taro da samfurin da ya haɗa da kansa da daddare. Mai tsarawa yakan gyara ƙaramin abu a cikin manhajar kai tsaye ba tare da ya jira injiniya ba. Injiniya ma yakan fitar da fuska mai kyan gani ba tare da ya nemi mai zane ba. Wasu kamfanoni sun mayar da abin doka: a watan Afrilun 2025 shugaban Shopify, Tobi Lütke, ya gaya wa ma'aikatansa cewa duk sashen da ke neman ƙarin mutane sai ya fara nuna dalilin da ya sa ƙirƙirarriyar basira ba za ta iya aikin ba.

Kowane muƙami kuma ya sami sabon kaya a kansa. Manajan haja yanzu dole ya iya shirya wa na'ura jarrabawa. Yakan tara ɗaruruwan tambayoyi na gaske irin waɗanda jama'a ke yi, ya rubuta yadda amsa mai kyau take, sannan duk lokacin da aka taɓa wani abu a sake jarraba na'urar a ga ko ta ci gaba ko ta koma baya. Shi ne kuma zai yanke yawan kuskuren da za a iya haƙuri da shi. Manhajar da ke zaɓa maka waƙa idan ta kuskure sau ɗaya cikin goma, ba wanda ya cutu. Wadda ke faɗin adadin maganin da za a ba jariri, kuskure ɗaya cikin dubu ma ya yi yawa. Har ila yau kowace amsa da na'urar ta bayar tana cin kuɗi, don haka sai ya lissafa ko ribar ta kai.

Marubucin kalmomin manhaja, wanda a da aikinsa gajerun jimloli ne a kan maɓalli da saƙon kuskure, yanzu hali yake rubutawa: yaushe na'urar za ta taƙaita, yaushe za ta ba da haƙuri, yaushe za ta ce ban sani ba.

Mai binciken jama'a kuwa, wato wanda ke fita hira da masu amfani da manhaja, ya gamu da jaraba ta musamman. Tunda na'ura ta iya kwaikwayon murya, wasu sun ce me zai hana a ce mata ta zama manomi ko 'yar kasuwa, a yi hirar da ita, a huta da zirga-zirga? Masu bincike a kamfanin su Nielsen da Norman sun gwada wannan a 2024, suka ga waɗannan mutanen bogi sun cika son faranta rai, kusan kowace shawara sai su yaba mata, amsoshinsu kuma ba su da zurfi. Dalilin a fili yake. Na'ura ta san abin da aka rubuta game da mutane, alhali ribar bincike tana cikin abin da ba a taɓa rubutawa ba: yadda mutum ya ɓata fuska, inda yatsansa ya yi jinkiri, dabarar da ya ƙirƙira don kauce wa wahalar da ya daina ma ganinta a matsayin wahala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sai ka shiga ɗakin da damina za ka ga inda ya ajiye kwano.

Inda abin ya shafe mu

Wannan batu ya fi nauyi ga masu harshen da ba a rubuta shi da yawa a intanet ba. Mafi yawan abin da waɗannan na'urori suka karanta da Turanci yake, don haka abin da suka ɗauka a matsayin na kowa, na wasu ne.

A ɗauki manhajar da za a yi wa magana da baki ta tura kuɗi, abin da zai yi matuƙar amfani ga jama'ar da saƙon murya ya fi musu sauƙi a kan rubutu. Ɗan kasuwa a Maraɗi ya ce a tura dala ashirin. A Nijar dala ɗaya tana nufin sefa 5, don haka sefa 100 yake nufi. Na'urar da ba a koya mata wannan ba za ta iya ɗauka kuɗin Amurka ake magana. Ko kuma a ɗauki gaisuwa: Turanci kalma ɗaya yake da ita ga duk wanda ake magana da shi, Hausa kuwa sai an zaɓa tsakanin ka da ki da ku. Manhajar da ta ce wa dattijuwa kai ta riga ta zubar da mutuncinta kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ga bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, wanda ke ɓacewa idan aka yar da ƙugiyar harafi. Ga wayar da mutum uku ke amfani da ita a gida ɗaya, abin da ke sauya ma'anar sirri gaba ɗaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a gano daga nesa. Sai wanda ya tashi a cikin harshen, ya zauna a rumfar kasuwa ya kalli yadda ake ciniki. Wannan dama ce ta gaske ga matasanmu, domin kayan gini sun sauko inda hannunsu zai kai, sanin mutanen kuma da ma nasu ne.

Wa zai koyar da na baya?

Saura damuwa ɗaya da ya kamata a faɗe ta a fili. Yaron tela da maɓalli yake farawa, da kalmasa, da guga. A cikin waɗannan ƙananan ayyuka ne idonsa ke buɗewa har wata rana ya dubi yadi ya san yadda zai zauna a jiki. A sana'ar manhaja, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke koyo da su, irin su gyara girman hotuna, rubuta hirar da aka naɗa, da zana fuska ta goma sha biyu mai kama da ta goma sha ɗaya, su ne na'ura ta fara ɗaukewa. Ana neman masu hukunci, ana kuma rushe matakalar da ake hawa a kai ga hukuncin. Kamfanin da ya daina ɗaukar sababbi don na'ura ta fi arha, yana cin irin da zai shuka ne.

Manya a sana'ar suna da hakkin su riƙa jan na baya zuwa inda ake yanke shawara, su bayyana musu dalilin da ya sa aka ɗauki wannan aka bar wancan. Shi kuma mai koyo, hanyarsa ta fito. Ya yi amfani da kayan zamanin nan sosai har ya san inda suke tuntuɓe. Ya koyi tsara magana a rubuce, domin wanda bai iya faɗin abin da yake so ba, ba zai samu ba ko a wurin mutum ko a wurin na'ura. Ya san tushen yadda ake gina manhaja gwargwadon da zai gane gini mai rauni. Fiye da komai, ya riƙa ɗaukar abin da ya haɗa ya kai wa mutum 5 na gaske, ya miƙa musu waya, ya kama bakinsa ya zuba ido.

Yanzu ana gina manhajojin da ba amsa kaɗai suke bayarwa ba, har aiki suke yi a madadin mutum: su sayi tikiti, su cika takarda, su biya kuɗi. Duk yadda suka kai da sauri, tambayar da aka yi ranar da aka tsara tura kuɗi ta waya tana nan: a wane wuri ya kamata a dakata, a nuna wa mai kuɗi suna, a jira ya ce to? Na'ura za ta iya zana wannan fuska cikin daƙiƙa kaɗan. Sanin cewa ana bukatarta kuwa yana wurin wanda ya taɓa ganin fuskar mutumin da kuɗin cefanensa suka tafi asusun da bai sani ba.